An Fasa wa Auta Ido

Kowa a makarantar ya san wanda ya fasa wa Auta ido, in ban da mutum ɗaya. Masu dafa abinci sun sani, mai gadi ya sani, malamai sun sani suna ta kurɓar shayinsu. Wadda ba ta sani ba ita ce malamar insha'i, wadda ɗalibai ke kira Jan Biro, kuma ba don ba ta tambaya ba. Ta tambaya har bakinta ya gaji. Abin da ya sa kowa ke kama bakinsa a gabanta shi ne, wanda ya yi aika-aikar ɗan wanta ne.

Sajan ake ce masa. Shi ne shugaban ɗakin kwanan 'yan aji ɗaya, dogon saurayi mai faɗin kafaɗa da bai cika magana ba. Babansa, babban wan malamar, direban babbar mota ne da ba ya zaman gida, shi ya kawo shi ya damƙa mata ya ce, "Ga ɗanki nan, in ya lalace ke kika lalata shi." A gaban mutane Malama yake ce mata. In su biyu ne sai ya ce Gwaggo, yana sunkuyar da kai, ko da yake shekarun da ta ba shi ba su da yawa.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. A farkon zango malamin horo, wanda yara ke kira Kwamanda, ya yanka tsohuwar wayar wuta gunduwa-gunduwa ya raba wa shugabannin ɗakuna, ya ce duk ɗakin da ya samu da datti, bayan shugabansa ne zai amsa. Wata safiya kafin zagayen dubawa, Sajan ya tarar da gadon Auta a hargitse. Ya sa shi ya durƙusa, ya shiga zuba masa kebur. Yaron ya waiwayo don ya ba da haƙuri, bakin wayar da jan ƙarfensa ke waje ya same shi a idon hagu. Waɗanda ke wurin sun ce bai yi kuka ba tukuna, sai da ya ga abin da ya zubo a tafin hannunsa.

A taron safe shugaban makaranta ya gyara gilashi ya ce, "An samu ɗan tsautsayi a ɗakin kwana. An kai yaro asibiti. Ana kuma bincike." Daga nan ya wuce zuwa maganar yankan ciyawa.

Jan Biro ta shiga ofishin malamai tana huci. "Wa ke binciken nan?"

"Malama, shayinki zai huce," in ji malamin lissafi.

"Yaro ya rasa ido a hannunmu. Wa ya dake shi? Da me?"

"Mu ma da kebur aka raine mu, ga mu nan da idanunmu biyu."

"Naka biyun ma ba sa ganin allo sai da gilashi," in ji wani daga bayan jarida, aka kwashe da dariya. Kwamanda na zaune a kusurwa yana yanke farce, bai ko ɗago ba. Manyan mutane ne, masu shaidar karatu a bango da 'ya'ya a gida, amma babu wanda idon yaron ya hana shi dangwala burodi a shayi.

A makon ne Jan Biro ke koya wa 'yan ajin ƙarshe rubutun shawo kan mai sauraro. Duk wanda rubutunsa ya fi kyau shi zai karanta a taron safen Litinin, haka tsarin yake. Ta cika allo da dabaru. Ka fara da mutum ɗaya, kada ka fara da taro, domin zuciya ba ta jin tausayin adadi. Ka maimaita magana har ta zauna. Bayan doguwar jimla ka sako gajera. Ka yi tambayar da ba ka neman amsarta. A ƙarshe ka faɗa wa mutane abin da kake so su yi, kada ka tashe su tsaye ka bar su ba hanya.

Wanda ya fi kowa a ajin shi ne Lauya, yayan Auta, uwa ɗaya uba ɗaya. Siriri ne, mai kaifin baki, amma tun da abin ya faru ya daina ɗaga hannu. Da ta karɓi takardarsa ta karanta a tsaye, ta ciro biron nan nata, ta shiga zagaye kalmomi. Kafin ta gama takardar ta yi jajir. Ta ɗaga ta sama.

"Ku saurara. 'An tashe shi daga gado. An durƙusar da shi. An dake shi. An fasa masa ido.' Lauya, wane ne An?"

Lauya ya sunkuyar da kai.

"Ina tambaya. Ɗan wane gida ne? Wane aji yake?"

Wani mai surutu da ake kira Rediyo ya ce daga baya, "Malama, ai An babban mutum ne a makarantar nan. Shi ya kwashe ƙwan fitilun ajinmu."

Aka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba.

"Rediyo ya fi ku gaskiya," in ji ta. Ta juya ta rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe har allin ya karye. "Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace ƙarya a bakinmu. An ba shi da uwa ba shi da uba. Ba a kai shi kotu, ba a korarsa daga aiki. Duk wanda ya yi ɓarna sai ya shige bayanta ya zauna. Ta bakin Shugaba kuka ji ta, yanzu kai ma da aka cuta kana aron ta. Mai son ya motsa mutane ba ya cewa an yi. Wane ya yi, da hannunsa."

Lauya ya miƙe a hankali. "Malama, a bar shi haka."

"Kun ji ko? A bar shi. Wa zai bar shi?"

"Idan na sa suna, ke za ki fara cewa in cire."

"Ni?" Ta dafa ƙirji da hannun da ke da alli. "Ƙanenka na kwance da ido ɗaya kana jin tsoron malamai? Ko sunan ubana ne ka sa. In ka dawo min da An guda ɗaya a takardar nan, ba kai za ka karanta ba."

Ajin ya yi tsit. Ta ɗauka maganarta ce ta ratsa su. Ba ta san cewa yaron ba tsoro yake ji ba, kara yake yi mata. Ita kaɗai ce malamar da ta je asibiti ta zauna da uwarsu, shi ya sa ya lulluɓe mata sunan ɗanta da kalmar da ake lulluɓe abin kunya da ita a gaban wanda ake ganin girmansa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya karɓi takardarsa ya ce, "To, Malama."

Ƙarshen rubutun kuwa ta yaba masa. Ya rubuta cewa ɗalibai su zauna a ƙasa a filin taro, kada su shiga aji, har sai kowane kebur ya fito an tara shi a gaban Shugaba. Ta ce wannan ya tsaya yadda yake.

Ranar Lahadi da yamma Sajan ya kawo mata ruwa gidanta na cikin makaranta kamar yadda ya saba. Ya juye a randa, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannun bokiti.

"Gwaggo, wai gobe Lauya ne zai yi jawabi?"

"Shi ne. Ka buɗe kunne, za ka ji yadda ake magana."

"Dole ne sai ya yi?"

Ta ɗago daga littattafan da take dubawa. "Kai ma sun aiko ka ne? Kada ka damu da ni, ɗana. In sun kore ni, sun kore ni."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ta ce ya ɗauki lemu a kan tebur. Bai ɗauka ba, ya ce sai da safe.

Da safen Litinin ɗalibai suka jeru aji-aji a filin taro, shugabannin ɗakuna na tsaye a gefe, kowa da kebur ɗinsa a naɗe a hannu. Shugaba bai karanta takardar ba, bai taɓa karanta ta kowa ba. Ya duba takenta kawai ya sanar cewa za a ji jawabi a kan ladabi da biyayya, ya koma kujerarsa.

Lauya ya hau dakali ya kama makirufo da hannu biyu.

"Ina da ƙane," ya ce. "A gida Auta muke ce masa. Yana tsoron kyankyaso, yana cin farce, kuma har yanzu bai iya ninke bargo ba. Mamarmu ta ce in kula da shi."

Hayaniyar layukan baya ta mutu.

"Sun ce mana tsautsayi ne. Tsautsayi ba ya sa yaro ya durƙusa. Tsautsayi ba ya naɗe waya a hannu. Tsautsayi ba ya cewa, in ka motsa sai na ƙara. Jiya na je asibiti, ya ce min, Yaya, matso ta wannan gefen, ta can ba na ganin ka. Shekararsa goma sha biyu."

Jan Biro na tsaye a layin malamai tana saurare. Duk abin da ta koya masa ga shi nan yana aiki. Shugaba ya fara motsi a kujera, yana neman idon Kwamanda.

"Ku ɗaga rigunanku ku duba bayanku. Wa ba shi da tabo a nan? An koya min kada in ce an yi. To ba zan ce ba. Sajan ya tashe shi daga gado. Sajan ya durƙusar da shi. Sajan ya dake shi. Sajan ya fasa masa ido."

Sunan ya shiga kunnenta sau huɗu kafin ya isa kanta. Ta juya. Sajan na tsaye a gefen 'yan aji ɗaya, kebur a hannu, idonsa a ƙasa. Bai musa ba.

"Auta na kwance a asibiti," in ji Lauya. "Shi kuwa wanda ya yi, ina yake yau?"

Tambayar ba ta neman amsa. A takarda, layin da ke biye shi ne zai amsa ta, daga nan sai kiran a zauna a ƙasa. Amma wani ɗan aji ɗaya da ba a koya masa wannan dabara ba ya ɗaga hannu ya nuna, ya ce da siririyar murya, "Ga shi nan."

Layukan suka karye. Ba gudu aka fara yi ba, matsowa aka yi, kamar yadda ake matsowa wurin rabon abinci. Wani ya fizge kebur ɗin daga hannun Sajan ya shauɗa masa a wuya. Ƙarar ta isa har dakali. Lauya na cewa, "Ku tsaya, ban gama ba, ku zauna a ƙasa," amma wani ya yi tuntuɓe da wayar lasifika, muryarsa ta ɗauke. Sauran shugabannin ɗakuna suka zubar da nasu kebur ɗin suka shige cikin taro. Ƙananan yara suka tsince su.

Kwamanda ne ya fara isa ofis. Shugaba ya bi shi, malamai suka bi Shugaba, aka ji ƙarar sakata. Mutumin da ya yanka wayar da hannunsa ya raba, yana bayan ƙofar ƙarfe yana leƙe ta taga, babu wanda ya ambaci sunansa.

Sajan ya ture biyu ya ruga. Ya nufi bayan ɗakin girki, inda katanga ta fi gajarta. Sun cim masa a wurin famfo. Wani ya jefe shi da bokitin ƙarfe a ƙafa, ya faɗi da fuska a kan siminti, haƙoransa suka bugi gefen magudana. Kafin ya ɗago sun rufe shi. Kebur ta ko'ina, ƙafar benci, itacen girki, takalma. Rigarsa ta tsage, bayansa ya buɗe layi-layi. Ya naɗe kansa da hannuwa, wani ya taka hannun ya murje. Yaran da ya yi zango yana durƙusarwa su ne a gaba, suna duka suna kuka, majina na zuba, wasu ko ganin inda suke duka ba sa yi. Ruwan famfon da aka bari a buɗe yana gangarawa ja.

"Ido," in ji wani. "A cire masa nasa."

"A kawo mai daga ɗakin inji."

Jan Biro ta yar da takalmanta tana gudu. Ta kutsa tsakaninsu da gwiwar hannu, wani ya fizge mata mayafi bai san ko wace ce ba, kebur ya same ta a kunci ya tsaga. Ta faɗa kan Sajan ta rufe kansa da ƙirjinta. Ƙafar bencin da aka riga aka ɗaga ta sauka a hannunta na dama, ta ji ƙashin ya ba da ƙara kamar an karya rake. Duniya ta yi fari, ta dawo.

"Malama, tashi."

"A janye ta."

"Ɗanta ne, dama ta sani."

Hannuwa suka kama ƙafafunta suna ja. Ta maƙale wuyan rigar Sajan da hannun hagu. Ta ce su bari, ta ce don Allah, ta ce za su kashe shi, babu wanda ya ji, domin ba da kowa take ba. Ta ƙasan hammatar wani ta hango yaro na tahowa da galan, wani kuma ya ɗago bulo da hannu biyu sama da kansa, yana neman inda kan Sajan ya leƙo. Ta san fuskar.

"Rediyo," ta ce. Jini na shiga mata baki, ta tofar. "Rediyo, kai ne. Na gan ka. Kai ne ka ɗaga bulo."

Ya tsaya da bulon a sama.

"Mamarka ce ke kawo maka man shafawa duk ziyara saboda ƙafarka na tsagewa. Kai za ka fasa masa kai? Kai da hannunka?"

"Malama, ba ni kaɗai ba ne."

"Kai nake gani. Sauke."

Bulon ya sauko a hankali har gwiwa, ya sake shi a ƙasa. Ta juya kai ta kama wata fuskar. "Gajere, kai ne ke riƙe da ƙafata. Sake ni. Mai Tsaron Gida, itacen nan a hannunka yake, ba a hannun kowa ba. Kai mai galan, Ɗan Baba, ɗan aji biyu, benci na gaba kusa da taga. Kai za ka zuba? In ya ƙone, kai ka ƙona shi. Har ka tsufa kai ne."

Ɗan Baba ya dubi galan ɗin kamar yanzu ya gan shi a hannunsa. Ta ci gaba da kiransu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda idonta ya faɗa kansa, da laƙabinsa da ajinsa da abin da ke hannunsa. Ba duka suka bari ba. Wani daga baya da ba ta gani ba ya jefo dutse ya sami Sajan a haƙarƙari, wani ya ƙara masa kebur a ƙafa. Amma na gaba sun fara ja da baya, kowa na neman ya ɓoye fuskarsa a bayan wani, har fili ya buɗe a kewaye da su.

A cikin filin Lauya ya tsaya, takardarsa a dunƙule a hannu. Ya dubi Sajan da ke kwance ba ya motsi, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, kumfar jini na fita ta hanci.

"Ke kika ce in sa suna," ya ce.

"Ni na ce. Kuma gaskiya ka faɗa." Numfashi na yi mata wuya. "Yanzu ko ka ɗauki bulon can ka ƙarasa, ko ka kama min ƙafafunsa. Hannuna ya karye."

Bai motsa ba.

"Da Auta yake ba shi haƙuri, bai tsaya ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ba ki nan."

Ya cusa takardar a aljihu, ya sunkuya ya kama ƙafafun da ƙarfi, ba da tausayi ba. Ya ce wa Rediyo, "Kai, kama kafaɗa, kana tsaye kamar gunki."

Motar mai kawo burodi na tsaye a ƙofar ɗakin girki, direban ya kulle kansa a ciki tun da aka fara. Ta buga gilashin da goshi saboda hannun hagu na tallafe da karyayyen. Ya dube ta, ya dubi abin da suka ɗauko, ya fito ya buɗe baya yana salati. Suka kwantar da Sajan a tsakanin farantan burodi. Ta hau ta ɗora kansa a cinyarta. Rediyo ya koma, Lauya ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

"Shigo, asibitin ɗaya ne," ta ce.

A bakin ƙofar makaranta mai gadi ya tare su, makulli a hannu. "Malama, an ce kada a buɗe wa kowa sai 'yan sanda sun zo."

"Baba, wa ya ce?"

"Daga ofis aka bugo."

"Leƙo ka gani." Ya leƙo. "In ya mutu a nan, na ofis za su ce ba su san zancen ba. Kai ke riƙe da makulli."

Tsohon ya buɗe.

Hanyar ba ta da kyau. Duk ramin da motar ta faɗa sai ƙasusuwan hannunta su gogi juna, ta cije leɓe. Cikin Sajan ya fara kumbura yana tauri, leɓunansa suka yi fari. Ta riƙa kiransa, ba Sajan ba, sunan da kakarsa ke kiransa da shi tun yana rarrafe. Bai amsa ba. Lauya ya cire rigarsa ya danna a kan tsagar da ke ƙeyarsa, fuskarsa a juye wajen taga.

A asibiti suka karɓe shi da gudu. Likita ya danna cikin sau ɗaya ya ce saifa ta fashe, jini na zuba a ciki, sai tiyata yanzu. Aka nemi jini. Nata ya dace. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba a ɗibar jinin mai karaya da ke zubar da nata, Jan Biro ta miƙa hannun hagu ta ce, "'Yar'uwa, ɗibi, in na suma ai a asibiti nake." Matar ta harare ta, ta ɗaura igiya.

Lauya ya wuce ɗakin da ƙanensa yake. Can sai ga uwarsu ta fito, mace mai ɗinki da zare maƙale a gefen zaninta. Ta tsaya a kan malamar da ke zaune a benci an ɗaure mata hannu, ta daɗe tana kallon ta.

"Ashe naki ne."

"Nawa ne, Mama."

"Kika zo kika zauna da ni, kina ba ni haƙuri."

"Ban sani ba a lokacin."

"To yanzu kin sani." Ta juya ta koma wurin ɗanta.

Wayar malamar ta yi ta ruri a aljihun rigarta. Shugaba ne. Da ta gaji ta ɗauka, ya ce hukuma na son ta rubuto bayanin yadda darasinta ya tunzura yara. Ta ce za ta rubuta da hannun hagu, kuma za ta fara daga ranar da Kwamanda ya yanka waya, shi Shugaba kuma yana kallo. Ya ce ta yi hankali da harshenta. Ta kashe.

Rana ta karkata kafin likita ya fito. Ya ce sun cire saifar, haƙarƙari biyu sun karye, yatsun hannun dama sai a hankali, amma zai tashi. Ta jingina kai da bango ta rufe ido, ƙafafunta ba takalmi a kan siminti.

Da aka bar ta ta shiga, Sajan ya farka. Fuskar ba ta ganuwa, sai ido ɗaya da ke motsi a cikin kumburi. Ta ja kujera da ƙafa ta zauna. Ya motsa leɓe, ta sunkuya.

"Gwaggo."

"Ina ji."

"Na so in faɗa miki jiya."

"Da ka faɗa."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon ya shige kunne. Ba ta share masa ba, ba ta kuma janye hannunta da ya kama da yatsun hagu ba.

"Kada ki gaya wa Baba."

"Zan gaya masa," ta ce. "Da abin da suka yi maka, da abin da ka yi wa yaron mutane. In ka iya tsayawa da ƙafarka, ɗakinsu na ƙarshen barandar nan, ni zan raka ka."

Ya rufe idon. Ta zare hannunta, ta ɗora wayar a gwiwa, ta lalubo lambar wanta da babban yatsa. Wayar ta daɗe tana ringi kafin ya ɗauka, ƙarar injin mota na tashi a bayansa.

"Ƙanwata, lafiya?"

"Yaya, samu wuri ka tsaya tukuna."